Yadda Muka Baro Hulunanmu a Nijar

Tun ranar da aka gan mu muna sauka daga mota a bakin masallacin Angwan Iya, dattawa uku kowa kai ba hula, ban ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wani ya ce 'yan fashi ne suka tare mu. Wani ya ce koro mu aka yi daga Nijar. Akwai ma wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ta rantse caca muka yi aka cinye hulunan. Na gaji da ba da labari gutsi-gutsi ga mutanen da ba sa bari a kai aya, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya sake tare ni da tambaya bayan wannan, neman magana yake yi.

Saboda baƙon da bai san Keffi ba, mu uku ne muke amsa sunan Tanimu Sabo a garin nan, kuma ko kaka ba mu haɗa ba. Kowannenmu ranar Litinin aka haife shi, kowa kuma sunan ubansa Sabo, iyakar dangantakar ke nan. Akwai Onarabul, wanda ya taɓa yin kansila, ya nemi majalisar jiha sau biyu ya sha kaye, amma har gobe da tafiyar mai mulki yake tafiya. Akwai Kyaftin, wanda ya buga wa ƙungiyar jiha ƙwallo a zamanin da gwiwarsa take jin maganarsa, mutum ne da sai ka yi masa magana goma ya amsa ɗaya. Sai ni, da na yi shekaru ina gabatar da shirin gaishe-gaishe a rediyo kafin in yi ritaya. Ni ɗan firit ne, muryar ce babba. Babu abin da sunan nan bai ja mini ba. Masu neman taimako wurin Onarabul ƙofata suke bugawa, kuma akwai wani mahauci da har yau yake harara ta saboda fenaretin da Kyaftin ya zubar.

Ana gab da faɗuwar damina wani dogon saurayi ya yi sallama a ƙofar gidana, da 'yar jaka a kafaɗa. Daga gaisuwa na san mutumin Nijar ne, don sai da ya tambayi lafiyar kowa har awakina.

"Baba, Tanimu Sabo nike biɗa," in ji shi.

Na ce, "Wanne daga ciki?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Su nawa na?"

Na shimfiɗa masa tabarma ya ba ni labari. Mahaifinsa, marigayi Mamman, ya yi sana'ar ga-ruwa a Keffi shekara ashirin da wani abu da suka wuce. Mai tura kurar ruwa daga safe har yamma ba shi da lokacin shiga filin ƙwallo, sai dai ya ji daga bayan katanga ana ta ihun Tanimu Sabo. In ya tsaya teburin mai shayi ya ji rediyo na cewa Tanimu Sabo ne ke magana. In ya ɗaga kai ya ga bango duk hotuna, Tanimu Sabo zai kawo ruwa kowace unguwa. Bawan Allah bai tambayi kowa ba, ya ɗauka mutum ɗaya ne. Da ya koma garinsu, Kukar Bako, can gaba da Maraɗi, ya tarar an yi masa ɗa namiji, sai ya raɗa masa sunan sukutum har da Sabon, ko da yake yaron ranar Alhamis aka haife shi. Har ya rasu labarin wannan gwarzo na Keffi yake ba mutane a gindin kuka.

Yanzu saurayin ya ga yarinya, sunanta Rabi, ita ma ta gan shi. To a al'adar garinsu, marayan da ba shi da baffa, takwaransa ne ubansa ranar aure, shi zai zauna gaban uban yarinya ya karɓa masa. Uban Rabi kuwa, Malam Isuhu, tun Mamman na da rai yake cewa shaci-faɗi ne, babu mutum ɗaya da zai iya wannan duka. Ya ce in da gaske akwai Tanimu Sabo na Keffi, ya zo kafin a yi shuka. In bai zo ba, magana ta mutu.

Na kai shi wurin sauran biyun. Onarabul bai bari an gama bayani ba ya ce ai magana a fili take, hotonsa ne a bango. Kyaftin ya ce, "To." Ni kuwa na ce duk mai hankali ya san murya ta fi shiga zuciya. Ango, don tun ranar haka muke kiransa, ya durƙusa ya ce, "Don Allah guda ɗai za ya zama shi. In anka ji ku ukku na, an gama da tsohona, har yara sai sun yi mai dariya." Tun da babu wanda ya yarda ya janye, sai muka ce mu tafi duka, a sasanta a hanya.

Muka tashi da sassafe a tsohuwar motar Onarabul, wadda har yanzu akwai sauran hotonsa na takara manne a bayanta, rana ta cinye rabin fuskar. Direbansa Bitrus, wani ɗan ƙabilar Mada mai fara'a, ya ce mu bi ta Gitata don mu kauce wa cunkoson Maraba. A Gitata muka tsaya cin gasasshiyar doya da manja, a nan ne Onarabul ya ce ai zamanin dimokuraɗiyya ake, a kaɗa ƙuri'a. Na zaɓi kaina. Kyaftin, da nake zaton ba ruwansa, shi ma ya ɗaga wa kansa hannu. Ango ya ce shi ɗa ne, ba ya zaɓe tsakanin iyaye. Saura Bitrus.

"Oga, ni fa wanda yake biya ni albashi zan zaɓa," in ji shi, bakinsa duk manja.

Wannan ne zaɓe na farko da Onarabul ya ci tun zamanin kansila, kuma da ganin yadda ya gyara zaman hularsa ka san ya daɗe yana kewar abin. Nan take ya raba muƙamai. Kyaftin zai zama mai tsaron lafiyarsa, da gwiwar da ba ta iya tsallake kwata. Ni kuma sakatare, in riƙe jaka, in amsa sunan Malam Sale. Ni da mata suke barin tuwo ya ƙone don su ji muryata, yau ni ne ɗan riƙon jaka. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban yi wa kowa magana ba har muka wuce Kachiya.

Daga Kaduna aka shiga karatu. Ango ya ce duk Kukar Bako babu wanda bai haddace buɗewar shirina ba, don Mamman da ita yake sallama duk shekarar da ya dawo gida. Kalmomin ba su da yawa: "Jama'ar Allah, a sauke kaya a huta, gaisuwa ta iso." Aikina shi ne in koya wa Onarabul. Sai dai mutumin da ya saba da dandamalin kamfe ba ya iya magana a hankali. Ya ce "Jama'ata", na ce ba taka ba ce, ta Allah ce. Ya ɗaga hannu sama yana girgizawa, na ce a rediyo ba a ganin hannu. Har Zariya muna abu ɗaya, Bitrus ma ya iya, shi bai iya ba.

Onarabul ya yi mana alkawarin cewa a Katsina wani amininsa, babban mutum, zai sauke mu a gidan sama. Tun daga Kano yake kiran aminin, wayar na ta ƙara ba a ɗauka. Ya ce ƙila yana taro. Ƙarshenta muka sauka a wani ƙaramin masauki kusa da tasha, ɗaki ɗaya katifa biyu, da fanka mai kuka kamar ɗan akuya. Abin da ya wanke mini baƙin ciki tuwon shinkafa ne da miyar taushe da wata baiwar Allah take sayarwa a ƙofar masaukin. Na daɗe ban ci miyar da ta kai ta ba, na faɗa ko da uwargida za ta karanta.

Da gari ya waye Kyaftin ya fito da ƙwallo daga bayan mota. Ashe ba ya tafiya ko'ina sai da ita. Ya ajiye a tsakar masaukin ya ce wa Onarabul, "Gefen ƙafa. A hankali." Onarabul ya tattare babbar riga, ya ja da baya kamar rago zai yi karo, ya zabga mata tsinin takalmi. Ƙwallo ta tashi ta fasa gilashin tagar mai masauki. Aka ba da haƙuri, aka gyara, Kyaftin ya ɗauke abarsa ya share ta da hannun riga ya ce, "In sun kawo ƙwallo, ka ce kana azumi."

A iyakar Jibiya muka ba da takardunmu. Ɓangarenmu aka duba aka yi murmushi aka miƙo mana. Da muka isa wurin jandarmomin Nijar, wani siriri mai gashin baki ya karɓa ya shiga rumfa, can ya leƙo ya kira, "Tanimu Sabo." Mu huɗu muka amsa. Ya koma ciki ya sake dubawa, ya fito ya jera mu a inuwa yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, mai tumbi da mai ɗingishi da ɗan firit da dogo. Sannan ya juya ga Bitrus.

"Kai mi ya hana ka?"

"Ni ranar Laraba aka haife ni, oga."

Bai yi dariya ba, ya kira babbansu. Onarabul ya gyara murya ya fara, "A zahirin gaskiya, a matsayina na wakilin al'umma," babban ya ɗaga masa hannu ya nuna Ango. Ango ya faɗi gaskiyar abin da ya kawo mu, bai rage komai ba. Babban jandarman ya yi dariya har ya dafa mota, ya kira na cikin rumfa su zo su ga abin da bai taɓa gani ba. Daga baya ya kame fuska ya ce wa Ango, "Yaro, aure dai ba a ɗaura shi bisa ƙarya, amma ku kuka sani." Ya ce in mun dawo mu zo masa da goro. Maganar ƙaryar nan da ya yi ta zauna mini a ƙirji.

Maraɗi gari ne na kasuwa, kowa na sauri amma ba mai gajarta gaisuwa. A Keffi in ka ce "ya aiki" aka ce "da godiya" an gama, kowa ya kama gabansa. A can sai an tambaye ka gida da gajiya da zafi da haƙurin duniya, ka amsa, a sake ɗaukowa daga farko. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa ya kusa cire mini haƙorin da nake lallaɓawa. Shayi kuma a ɗan mitsitsin kofi, mai ɗaci, kuma sai ka sha zagaye uku kafin a sallame ka. Mu da muka saba da kofin da mutum zai iya wanke fuska a ciki, Bitrus ya kurɓe nasa ya miƙa ya ce ya ɗanɗana, a zuba. Da rana muka nemi abinci aka kawo fura cikin ƙwarya, damammiya da nono mai kauri. Onarabul ya shanye ya zauna jiran abincin, aka ce ai shi ke nan. Amma kilishinsu, gaskiya, namu ya bi shi a baya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mai shayin da ya saurari hirarmu ya ce, "Ku mutanen kudu Hausarku ta sha ruwa." Ni za a gaya wa haka. Na buɗe baki zan nuna masa ko ni wane ne, Onarabul ya taka mini ƙafa ya ce, "Malam Sale, ɗauko jaka."

Muka kwana a Maraɗi, da safe muka saki kwalta muka shiga rairayi, mota ta kafe sau biyu, sakatare da mai tsaron lafiya suka yi turi, mai girma yana ciki yana ba da umarni. Da hantsi ya yi zafi muka hango kukar, da mutane cike a gindinta. Ashe labari ya riga mu. Maza da mata, tsofaffi da yara, duk an fito ganin mutumin da aka yi shekaru ana jin labarinsa. Onarabul ya fito yana ɗaga hannu biyu, aka yi ta guɗa. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba, har na ji tausayinsa kaɗan.

Ba mu kai ga zaure ba samarin gari suka gangaro da ƙwallo gabansa, wai a taɓa musu don albarka. Onarabul ya manta da maganar azumi, yabo ya hau masa kai. Ya tattare riga ya kai duka. Takalminsa ya tashi ya faɗa cikin mata, ƙwallo kuwa ta gangara gefe a hankali har gaban Kyaftin. Na ga bawan Allah ya runtse ido yana yaƙi da ƙafarsa. Ƙafar ta fi ƙarfinsa. Ya ɗaga ƙwallon da tsinin ƙafa, ya tare da cinya, ya ɗora a ƙirji, ya sauke ta ta kwanta a kan ƙafarsa kamar an ɗaure. Jama'a suka juya suna kallon Onarabul. Onarabul ya yi maza ya ce, "Yarona ne, ni na koya masa." Aka yi tafi, muka tsira da ƙyar.

Malam Isuhu yana zaune a zaurensa kan buzu, tsoho siriri mai farin gemu, da dattawan gari kewaye da shi. Bai tashi ba, bai kuma yi murmushi ba. Aka gaisa gaisuwarsu mai tsawo, aka sha ruwa. Sannan ya dubi Onarabul ya ce, "Mamman ya ce in ka buɗe baki cikin rediyo, mai kuka shina yin shiru. A yi muna mu ji."

Onarabul ya miƙe tsaye, abin da na hana shi tun Kaduna. Ya ɗaga hannu ya daka tsawa, "Jama'ata masu albarka, a kwashe kaya a gudu, gaisuwa ta zo."

Ni dai ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Shekara da shekaru ina renon kalmomin nan, a gabana a yi musu wannan yankan ƙauna. Daga inda nake tsugune da jaka a hannu na ji muryata ta fita, cikakkiya, irin ta da: "Jama'ar Allah, a sauke kaya a huta, gaisuwa ta iso." Daga bayan zanan da ya raba zaure da cikin gida na ji wata mace ta yi salati.

Babu wanda ya motsa. Malam Isuhu ya dube ni, ya dubi Kyaftin, ya dubi Onarabul da ƙafa ɗaya ba takalmi. Ya ce, "Wane na Tanimu Sabo cikinku?" Sai Ango ne ya ce, kansa a ƙasa, "Su duka na, Baba." Wani daga cikin dattawan ya yi 'yar dariya ta hanci. Malam Isuhu ya ce, "Ashe dai Mamman ƙarya ya yi muna." Ya fara laluben sandarsa zai tashi. Na dubi Ango na ga hawaye na ɗiga a kan tabarma, na ji kunya ta rufe ni, don bakina ne ya jawo.

Kyaftin ne ya yi magana, kuma ban taɓa jin ya yi mai tsawon wannan ba. "Malam, zauna. Mamman bai yi ƙarya ba. Ya ce Tanimu Sabo ya ci ƙwallo, an ci, ni na ci. Ya ce ya yi magana a rediyo, ga shi kun ji da kunnenku. Ya ce zai kawo ruwa kowace unguwa." Ya ɗan dubi Onarabul. "Wannan ma an yi alkawarinsa. Mamman mutum ne da yake tura ruwa daga safe har dare don yaron nan ya ci abinci, bai samu sukunin zuwa ya ga fuskokinmu ba. Ƙaryar da aka yi yau mu muka yi ta, ba shi ba."

Malam Isuhu ya ajiye sandar. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce shi ba taron mutane yake nema ba, uba yake nema. Ya ce a garinsu wanda ya karɓi aure a matsayin uba, hularsa yake cirewa ya bari a gidan uban yarinya, ya koma gida kai a buɗe, kowa ya gani ya san ya ɗauki nauyi. In ɗiyarsa ta yi yaji, mai hular za a kira ya zo biko, ko daga ina yake. Ba a mayar masa da ita sai ranar sunan ɗan fari. "To, wa za ya aje tashi?"

Sai ga shi kujerar da muka yi ta faɗa a kanta tun daga Gitata ba mai so. Na tuna nisan hanya da rairayin da muka tura mota a ciki. Na kuma tuna abin da ke ƙarƙashin hulata, don ni sanƙo gare ni tun daga goshi har ƙeya, kuma in ban da uwargida da wanzamina babu wanda ya taɓa gani. Amma wanda ya fasa tulu shi ke kwashe ruwa. Na cire na ajiye gaban tsohon. Bitrus daga bakin ƙofa ya ce, "Kai, oga," ya toshe bakinsa. Kyaftin ya cire hana-sallarsa da ta koɗe ya ɗora kusa da tawa. Saura Onarabul, da doguwar hularsa zanna wadda ita ce a duk hotunansa na takara. Ya kai hannu ya sauke, ya sake kaiwa. Ya ce, "A zahirin gaskiya," sai kuma ya cire ya ajiye.

Malam Isuhu ya jera su a gabansa yana kallo. Ya ce, "Guda na ce a kawo." Ya tattara duka ukun ya tura ƙarƙashin buzunsa, ya ce a kira liman. Kafin la'asar an ɗaura, an raba goro da dabino, tsohon da ya yi dariyar hanci shi ya fi kowa ɗaga murya wurin fatiha. Da aka zo tambayar wa ya karɓa wa ango, mu uku muka amsa tare, liman ya ce ya isa haka.

Komowa ba ta da wani labari sai rana da ta gasa mini ƙoƙon kai. Al'adar ta ce ba a sayen wata a hanya, kuma Onarabul da kansa ya hana Bitrus tsayawa wurin masu huluna a Kano, abin da ya ba ni mamaki. Babban jandarman ya karɓi goronsa, ya dubi kawunanmu ya ce, "An ɗaura ke nan." Yanzu kun san inda hulunan suke, suna rataye a ƙusa a zauren Malam Isuhu, kuma Ango ya bugo waya kwanan baya ya ce mu fara shirin zuwa karɓa bayan girbi.

Abu ɗaya na bari sai ƙarshe. Da safen da za mu taso aka ce mahaifiyar Ango tana son magana da mai rediyo. Ita ce ta yi salatin nan. Na je gidan marigayi Mamman na tsaya a bakin zana, tana daga ciki. Ba ta kira sunana ba, don sunan ɗanta na fari ne, tun da aka raɗa shi bai taɓa fita daga bakinta ba. Ta ce, "Mai sunan yaro, in ba ka gaji ba, ka sake hwaɗin abin nan. Duk shekara in ya taho daga Keffi, nan inda kake tsaye yake aje kayanshi ya hwaɗe shi, kahin ma ya sha ruwa."

Na gaida dubban mutane a shirin nan, masu shago da amare da 'yan makaranta, ban taɓa gaida mai ruwa ba, don ba sa aiko da katin gaisuwa. Na gyara tsayuwa, kai ba hula, na faɗa da duk muryar da ta rage mini, na ƙara da cewa gaisuwar ta yau ta Mamman ce, mai ruwa na Keffi, da iyalinsa a Kukar Bako.

Na ji tana jan hanci. Can ta ce, "Madalla, Allah shi biya. Amma shi ya hi ka iyawa."

Duk wanda ya san ni ya san abin da zai biyo baya in aka taɓa mini murya. Na tsaya ina jiran raina ya ɓaci, bai ɓaci ba. Na ce mata haka ne, ya fi ni.